Ƙudan da ke cin darɓa: yadda aka koyi kiwonsa, da dalilin ɓacewarsa in sanyi ya shigo

A ƙasashen arewacin duniya, inda sanyi ke hana noma a fili kusan rabin shekara, a gidajen gilashi ake noma tattasai da kokwamba da tumatir. Manoman da suka fara sakin wani ɗan ƙaramin ƙuda a irin waɗannan gidaje don ya cinye musu darɓa, wato ƙwarƙwatar ganye, a shekarun 1970 da 1980, kuka ɗaya suka riƙa yi. Daga Afrilu zuwa Agusta ƙudan na aiki ba kama hannun yaro, yana hayayyafa da kansa, darɓa ta kwanta. Da Satumba ta kama, rana ta fara gajarta, sai a neme shi a rasa. Ba feshi aka yi ba, ba kuma abinci ne ya ƙare masa ba, don darɓar tana nan daram, tana ma ƙara yaɗuwa tunda gidan a ɗumame yake. Ƙudan ne kawai ya yi ɓatan dabo.

Sunansa a wurin masana Aphidoletes aphidimyza. Wani masanin ƙwari ɗan Italiya, Camillo Rondani, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1847, amma sai da aka shafe fiye da shekara 100 kafin a yi tunanin kiwonsa. Danginsa, Cecidomyiidae, da yawansu maɓarnata ne. Tsutsotsinsu kan shiga ganye ko fure su haddasa ƙulli, kuma ƙudan nan da ke hana dawa yin ƙwaya, ya bar zangarniya fanko, ɗan gidan ne. Shi wannan ya fita zakka. Tsutsarsa ba ta taɓa ganye, darɓa take ci, kuma an lissafa fiye da iri 60 na darɓa da take kamawa.

Wanda ya taɓa noma wake ko gyaɗa ba sai an gabatar masa da darɓa ba, ƙwarƙwatar ganyen nan da ke cunkushewa a bayan ganye da kan toho, tana tsotsar ruwan shuka tana zubar da wani ruwa mai zaƙi da danƙo wanda baƙar funfuna ke bi. Ita ce ta yaɗa kuturtar gyaɗa a arewacin Najeriya a 1975, annobar da ta ƙarasa durƙusar da noman gyaɗar da fari ya riga ya raunana. Abin da ya sa ta gagara shi ne haihuwarta. A wuri mai ɗumi ba ta buƙatar namiji, ba ta kuma saka ƙwai. 'Ya'ya take haifa rayayyu, duka mata, kowace ta balaga cikin kamar mako guda ta fara nata. A gidan gilashi babu ruwan saman da zai wanke ta, babu sanyin da zai kashe ta, don haka 'yar tawagar da manomi ya raina yau, bayan mako biyu sai ya tarar ta rufe layi guda.

Me ya hana a yi feshi kawai

Manoman sun riga sun ɗaure hannunsu da kansu. A 1967 wani manomin kokwamba a Holan, Jan Koppert, ya fara amfani da wani mitsitsin ƙwaro dangin kaska, Phytoseiulus persimilis, don ya cinye jan gizo-gizon ganye da magani ya daina kamawa. Bayan 'yan shekaru aka dawo da wani ɗan ƙaramin dangin zanzaro, Encarsia formosa, a kan farin ƙuda. Duka biyun sun yi aiki, amma da sharaɗi: wanda ya sake su a gidansa ba shi da damar fesa maganin da ke kashe kowa da kowa, in ba haka ba ya kashe ma'aikatan da ya saya da kuɗinsa. Darɓa kuwa akwai mata wani magani mai suna pirimicarb da ke kashe ta ya ƙyale sauran, shi aka dogara da shi. Sai darɓar auduga, Aphis gossypii, wadda ita ce babbar abokiyar gabar kokwamba, ta fara fitar da zuriyar da maganin bai dame ta ba. Koriyar darɓar tattasai, Myzus persicae, ita ma ta saba da magunguna da dama. Manomi ya tsinci kansa a tsaka mai wuya: ya fesa mai ƙarfi ya rushe tsarin gaba ɗaya, ko ya zuba ido darɓa ta cinye gida.

Abin da ake gani a bayan ganye

Sai an sa gilashin ƙara girma ake ganin aikin sosai. A tsakiyar tawagar darɓa za a ga wata 'yar tsutsa mai launin ruwan lemo, wani lokaci ta ja zuwa ja, tsawonta bai wuce milimita 3 ba ko ta gama girma. Ba ta da ƙafa. Tana jan jiki a hankali har ta kai ga ƙafar wata darɓa, ta soka baki a gaɓar ƙafar, ta zuba dafi. Cikin 'yan mintoci darɓar ta sandare. Daga nan tsutsar ta koma jikinta ta huda, ta tsotse abin da ke ciki, ta bar busasshiyar fata baƙa tana reto a ganyen, bakinta har yanzu a soke inda take shan ruwa. Abin mamakin shi ne maƙwabtanta ba sa motsi. Darɓa tana da wani wari da take saki in an kai mata farmaki, sauran su watse ko su zubo ƙasa, kuma haka ke faruwa in babban maharbi ya faɗo musu da ƙarfi. Wannan tsutsa kuwa a ɓoye take kisa, tawagar na zaune tana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Ga manomi wannan ba ƙaramin amfani ba ne, don darɓar da ta watse sababbin tawagogi take kafawa a wasu shuke-shuken.

Darɓa bakwai kacal na iya isar tsutsa guda ta kai ga rikiɗa, amma in ta samu yalwa ba ta tsayawa a nan. Tana kashe fiye da abin da za ta ci, gomiya-gomiya, wasu ta sandarar da su ta wuce ba ta ko taɓa su ba. In ta ƙoshi, bayan mako guda zuwa biyu, sai ta sako kanta ƙasa, ta nutsa santimita ɗaya ko biyu, ta saƙa ɗan kwanso ta lulluɓe shi da ƙwayoyin ƙasa. A ɗumin digiri 20 ko 21, daga ƙwai zuwa sabon ƙuda kamar mako uku ne.

Babban ƙudan ba ya farauta. Siriri ne mai dogayen ƙafafu, wanda bai sani ba zai ɗauka ɗan sauro ne, kuma ruwan zaƙin darɓa yake lasa. Da rana yana laɓe a inuwar ganyen ƙasa. Da magariba yake fita daga kwanso, da dare yake barbara, da dare kuma macen ke bin warin ruwan zaƙin nan ta gano tawagar darɓa ko da guda ce a cikin shuke-shuke masu yawa. Ƙwanta kamar milimita 0.3 ne, tana ajiye shi daf da darɓa, inda tawagar ta fi girma nan ta fi zubawa. Dole ta yi hakan, domin tsutsar da ta ƙyanƙyashe 'yan santimita kawai take iya ja, in ba ta samu abinci cikin 'yan sa'o'i ba ta bushe.

Ɗakin kiwo

Wurare biyu ne suka fara ɗaukar kiwonsa da gaske. A Tarayyar Sobiyet, masana a Leningirad, cikinsu har da N. V. Bondarenko, sun yi ta gwada shi a manyan gidajen kokwamba a shekarun 1970. A Finlan kuma Martti Markkula da Katri Tiittanen, a cibiyar binciken aikin gona da ke Tikkurila kusa da Helsinki, suka tsara hanyar samar da shi da yawa, har aka fara sayar wa manoma a 1978.

Wanda ya ce zai yi kiwon wannan ƙuda, a zahiri abu uku yake kiwo a jere: shuka, da darɓar da ke cin shukar, sannan ƙudan da ke cin darɓar. 'Yan Finlan sun yi amfani da tattasai da koriyar darɓa. Rashawa sun fi son waken nan mai faɗi da ake kira ful a Masar da Sudan, da wata babbar darɓa, Megoura viciae, wadda ba ta kama kokwamba ko tattasai, ta yadda ko 'yan kaɗan sun bi kaya sun shiga gidan manomi ba za su zame masa matsala ba. Kowane mataki da ɗakinsa. A ɗaki na farko shuka ce tsabtatacciya, ko darɓa ɗaya ba a so. A na biyu ake sa wa shukar darɓa a bar ta ta yaɗu. A na uku kejin ƙudaje ne. Ma'aikaci daga na farko yake farawa ya ƙare a na uku, ba ya komawa baya a ranar, domin mace guda mai ciki da ta laɓe a rigarsa ta shiga ɗakin darɓa ta isa ta karya aikin wata guda. Wato a ɗakin darɓa, ƙudan da ake wahala a kansa shi ne annoba.

A sa tukwanen shuka masu darɓa a kejin manyan ƙudaje dare ɗaya ko biyu, a fitar da su, a sa wasu. Dalilin gajarta lokacin shi ne a samu ƙwai sa'annin juna, su ƙyanƙyashe tare, su sauko tare, kwanson da za a sayar su fashe a kwanaki biyu ko uku maimakon su riƙa ɗigowa har mako biyu. Sai babban lissafin: darɓa nawa ga ƙwai nawa. In ƙwan ya yi yawa, tsutsotsin su cinye darɓar kafin su ƙoshi, a samu ƙananan ƙudaje masu ƙarancin ƙwai, ko ma su mutu gaba ɗaya. In darɓar ce ta yi yawa, sai ta kashe shukar, ganye ya yi yaushi ya cika da danƙo da funfuna. Mai kiwo kullum yana tsakanin waɗannan biyun, yana ƙaro ganye mai darɓa a kwanakin ƙarshe, lokacin da cin tsutsa ya fi yawa. In sun fara saukowa a tara su a faranti mai yashi mai laima, ko ruɓaɓɓen gansakukan fadama wanda Finlan ke da shi jibge, ko auduga. Yau akasari ana haɗa kwanson da wani ma'adini marar nauyi mai riƙe laima, a zuba a kwalba, sau da yawa dubu-dubu, a aika wa manomi kafin su fashe.

Wannan sarƙa mai hawa uku ita ce ta sa ƙudan ke da tsada. A nan ne ake ganin bambancinsa da abin da ake yi a Nijar a kan murzuna, tsutsar da ke murɗe zangarniyar gero. Can ma maharbin ƙwaro ake kiwo, Habrobracon hebetor, ɗan dangin zanzaro, kuma masu bincike na cibiyoyin binciken noma, INRAN a Maraɗi da ICRISAT, sun daɗe a kansa. Amma shi ba ya buƙatar shuka mai rai. A kan tsutsar wani malam-buɗe-littafi na rumbu ake kiwonsa, ita kuma garin gero da tsabarsa sun ishe ta, har ana zuba duka a 'yar jakar algarara a kai ƙauye a rataye. Aphidoletes bai yarda da irin wannan arha ba. Kiwonsa na kasuwa har yau a kan darɓa mai rai yake, darɓa kuma sai da ɗanyen ganye, ɗanyen ganye a Finlan da hunturu sai da wuta da fitila.

Inda ƙudan ke zuwa a Satumba

Amsar tana ƙarƙashin ƙasa. Tsutsar da ta saƙa kwanso ba dole ba ne ta ci gaba da rikiɗa. Tun tana kan ganye jikinta ke auna tsawon rana da sanyin dare. In hasken rana ya gaza kimanin awa 16, dare kuma ya yi sanyi, sai ta kwanta a kwanson tana tsutsarta, ta tsayar da komai har shekara ta zagayo, yadda gaiwa ke binne kanta a laka ta jira damina. A daji wannan dabara ce mai kyau. A Helsinki rana takan kai kusan awa 19 a Yuni, ta dawo ƙasa da awa 6 a Disamba, kuma ƙudan da ya fito a Oktoba ba zai tarar da darɓa ko ɗaya a waje ba. Gidan gilashi ne ya ɓata lissafin. An ɗumama shi, darɓa ta ci gaba da haihuwa, amma hasken da ke ratso gilashin na hunturu ne. Mai farauta ya yi barci, abin farauta na kiwo.

Linda Gilkeson ce ta ɗauki matsalar a matsayin aikin digirinta na uku a Jami'ar McGill da ke Kanada, tare da malaminta Stuart Hill, kuma sun bi ta hanya biyu, duka suka wallafa sakamakon a 1986.

Hanya ta farko ita ce sauya ƙudan kansa. A kowace zuriya akwai 'yan tsiraru da ba sa kwanciya ko rana ta gajarta. Sai aka riƙa kiwo a ɗaki mai hasken awa 8 kacal, a ɗauki waɗanda suka fito a haɗa su barbara, a yar da masu barci, a sake, zuriya bayan zuriya. Cikin ɗakin gwaji abin ya yi kyau, masu kwanciya suka ragu ƙwarai. Amma da aka haɗa gajeren hasken da sanyin dare irin wanda ake samu a gidan gilashi na gaskiya, inda manomi ke rage wuta da dare don tsimin mai, da yawansu suka koma barcinsu. An tace su a kan sigina guda, alhali biyu jikinsu ke saurare.

Hanya ta biyu ba ta da wani armashi a ido. An gwada barin ɗan haske mai rauni ya kwana a kunne, aka ga ya isa ya ruɗi tsutsar ta ɗauka dare bai yi tsawo ba. Ba fitilun nan masu tsada da ake sa wa shuka don ta yi girma ake nufi ba. Ƙwan lantarki ne irin na ɗaki, a rataye su nesa da juna a tsakiyar gida. Hasken da tsutsa ke buƙata don ta fasa barci ya yi ƙasa ƙwarai da wanda ganye ke buƙata don ya sarrafa abinci.

A ganina hanya ta farko ta fi burge masani, amma ta biyu ce ta cancanci ta yi nasara, kuma ita ta shiga littattafan malaman gona. Zuriyar da aka tace sai an yi ta tsaronta a ɗakin kiwo, ga shi da zarar an sake ta za ta gauraya da 'yan uwanta na daji da ke shigowa ta tagogin iska. Ƙwan lantarki kuwa ba ya gauraya da kowa. Sai dai yana da iyakarsa. Hasken sai ya kai ga ganyen da tsutsar ke kai, don haka a gidan da tattasai ya yi tsawo ya rufe, na ƙasa cikin duhu suke. Sannan sai an kunna shi tun kafin rana ta gajarta, domin hana kwanciya yake yi, wadda ta riga ta kwanta ba ya tashin ta.

Manoma da yawa ma ba su bi ko ɗaya ba. Sun lura cewa kwanson da ke zuwa daga ɗakin kiwo a ƙarƙashin dogon haske aka rene su, don haka za su fashe ko a tsakiyar Disamba, ƙudajen su saka ƙwai, tsutsotsin su ci darɓa yadda ya kamata. Jikoki ne kawai ba za a gani ba. Sai suka mai da shi sayen mako-mako, suka haƙura da batun ya zauna ya hayayyafa. Sauyin da aka samu a gidajen kansu ya ƙara tura su can: da aka koma noma a kan buhunan ulun dutse, wani abu mai kama da auduga da ake shuka a kai maimakon ƙasa, aka shimfiɗe ƙasa da leda ko siminti, tsutsar da ta faɗo ba ta samun inda za ta nutsa, sai ta bushe a kan leda. Masu sayarwa dai ba su yi baƙin ciki da wannan ba.

Barcin da ya zame wa manomi ciwon kai ya zame wa mai kiwo rumbu. Buƙatar ƙudan ba daidai take ba a shekara, takan yi tsalle ne in darɓa ta ɓarke, sarƙa mai hawa uku kuwa ba a faɗaɗa ta cikin dare ɗaya. A 1990 Gilkeson ta wallafa wani aikin da ya nuna cewa in da gangan aka kwantar da tsutsotsin, aka saba musu da sanyi a hankali, ana iya ajiye su a firji na watanni. Matsalar ajiyar ita ce farkawa, don masu dogon barci ba sa tashi rana ɗaya.

Abubuwan da tsabta ta jawo, da wanda rashinta ya jawo

Ana murnar an shawo kan hunturu, sai ga wani baƙo. A Biritish Kolombiya, yammacin Kanada, aka gano wani mitsitsin dangin zanzaro, Aphanogmus fulmeki, yana saka ƙwansa a kwanson ƙudan, ɗansa ya cinye na ciki ya fito a madadinsa. An wallafa labarin a 1993. A daji irin wannan ba ya yin tasiri sosai, don kwanson a warwatse suke. A ɗakin kiwo kuwa an tara masa dubbai a faranti guda, mako bayan mako, ba fashi. Maganinsa ba feshi ba ne, tunda duk abin da zai kashe shi zai kashe ƙudan. Tsari ne: a rufe farantan kwanso da raga mai ƙananan ido, a zubar da tsohon yashi kada a maimaita shi, a riƙa ware samfuri daga kowane zubi a ga me zai fito.

Ɗaya matsalar kuma daga tsabtar ta fito. An daɗe ana ganin cewa a wasu kejin mata da yawa ba sa saka ƙwai mai ƙyanƙyasa, ga abinci, ga laima, ga maza. Jeroen van Schelt da abokiyar aikinsa Mulder a Holan suka wallafa a shekarar 2000 cewa saƙar gizo-gizo ce babu. Macen da ta fito daga kwanso takan nemi zaren gizo-gizo ta rataya da ƙafafunta na gaba, ta saki ƙamshin kiran namiji. Shi kuma ya biyo ƙamshin da dogayen ƙahonninsa masu gashi, ya rataya a gabanta, a nan a sararin iska ake barbarar. A kejin da aka sa saƙar, matan da suka samu barbara sun fi yawa nesa ba kusa ba. A kowane tsohon gidan gilashi akwai saƙar gizo-gizo a lungu da ƙarƙashin benci, ba wanda ya taɓa lissafa ta cikin kayan aiki. Sai kejin da aka wanke tas ne ya tona asirin amfaninta.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ke cin ƙananan masu kiwo. Kowace mace jinsi ɗaya take haifa: wata duk 'ya'yanta maza, wata duk mata. In iyayen dubbai ne abin na daidaita kansa. In mutum ya fara kiwo da mata goma, ko garkensa ya taɓa raguwa ya koma 'yan kaɗan, tsautsayi na iya sa zuriya ta gaba ta fito kusan duk maza. Shi ya sa ƙa'idojin inganci da ƙungiyar IOBC ta masana yaƙar ƙwari da ƙwari ta tsara ba su tsaya a ƙirga kwanso ba. Suna so mata su kai aƙalla kashi 45 cikin 100 na abin da ya fito, kowace kuma ta saka ƙwai 40 ko fiye a 'yan kwanakin farko.

Kai ɗakin kiwo cikin gona

Tun a 1983 Lise Stengård Hansen a Danmak ta gwada wata dabara: maimakon a jira darɓa ta bayyana sannan a yi odar ƙuda, a ajiye tukwanen wake masu ɗauke da darɓar wake a cikin gidan tattasai tun farkon shuka, ƙudan ya zauna a kansu yana hayayyafa, ko da darɓar tattasai ta iso ta tarar da shi a gida. Daga baya aka fi amfani da sha'ir ko alkama da darɓar hatsi, wadda ba ta hawa kayan lambu. Dabarar na aiki, amma tana son manomi mai haƙuri, don sai ya yi ta shuka sababbin tukwane yana kiwon darɓa da hannunsa, yana kuma korar tururuwa, waɗanda ke gadin darɓa saboda ruwan zaƙinta har su kwashe tsutsar ƙudan su yar.

Mai gidan leda a Kano ko Maraɗi da ke sha'awar kwalbar nan daga Holan, ya kamata ya dubi kalandarsa tukuna. Rana a wurinmu ba ta nisa da awa 12 duk shekara, kuma lokacin noman rani shi ne lokacin hunturu, dare da sanyi, iska a bushe ƙayau. Wannan ƙuda kuwa laima yake so a kowane mataki, babba da kwanso, kuma macen ba ta kuzarin saka ƙwai in magariba ta yi sanyi. Ni dai zan lissafa shi a matsayin sakin zuriya ɗaya, in kuma fara tanadar danshi kafin in biya kuɗin jirgi.

Wata matsalar kuma daga baya daga cikin gida ta ɓullo. A 2005 aka fito da wani maharbin dangin kaska, Amblyseius swirskii, ɗan asalin gabashin Bahar Rum, wanda ke cin farin ƙuda da 'yan ƙwarin fure a lokaci guda, manoman tattasai suka rungume shi hannu bibbiyu. Bayan 'yan shekaru Gerben Messelink da abokan aikinsa na Wageningen a Holan suka nuna, a wani aiki da aka wallafa a 2011, cewa swirskii ba ya damuwa da darɓa, amma yana cin ƙwan Aphidoletes, ƙwan da ke zube a fili a bayan ganye ba mai gadi. A gwajin da suka yi a kan tattasai, inda aka haɗa su biyun darɓa ta fi yawa sosai a kan inda aka bar ƙudan shi kaɗai. Ba manomin da zai bar swirskii saboda wannan, don ɓarnar 'yan ƙwarin fure ta fi ƙarfin a yi wasa da ita. Abin da ake yi shi ne a jingina yaƙin darɓa na yau da kullum a kan dangin zanzaro irin su Aphidius colemani, masu saka ƙwansu a cikin jikin darɓar inda swirskii ba ya kaiwa, a ajiye ƙudan don wuraren da tawaga ta yi kauri, a kuma zuba shi da yawan da zai sa wasu ƙwan su tsira.